Abin da Baban Na'ima Bai Ji Ba

Kpakungu, Minna
6 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Sharifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Wushishi. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafin da ya hana kowa sakat. An yi Sallah lafiya. Kifin da kika aiko ta hannun Ndako direba ya iso, Allah ya saka da alheri.

Ndako ya ce kin kira wayata har sau uku ban ɗauka ba. Ki yi haƙuri, kin san halin kunnena. Shekara ashirin da shida ina tsaye kan injin niƙa, ɗan jin da ya rage mini bai kai ya kama muryar waya ba, ƙananan rubutun cikinta kuma idona ba ya gani. Shi ya sa na koma wa takarda. A gida ma haka muke da Na'ima. In magana gajera ce sai in karanta a leɓenta, in doguwa ce ta rubuta mini a wani littafi da muke ajiyewa kan tebur.

Labarin da zan ba ki mai daɗi ne. Yarinyar nan ta ɗauki jarrabawar WAEC da gaske. Akwai sauran makonni kafin su fara, amma in kika shiga ɗakinta sai ki ce gobe ne. Ta manna takardu a bango tun daga ƙasa har inda hannunta ya kai, ga zanen zuciya, ga na ƙoda, ga lissafin da ni ban san samansa da ƙasansa ba. Ta zana jadawali da jan biro, ko'ina a cike. Na duba ban ga gurbin cin abinci ba, da na tambaya ta yi dariya ta ce ai ana ci ana karatu.

Ta daina zuwa ƙwallon hannun da suke yi a makaranta ranar Laraba. Bikin 'yar gidan Ndaceko tela da aka yi bayan Sallah, duk 'yan matan layinmu sun je, ita ko leƙe. Har Goodness 'yar Mama Magdalene maƙwabciyarmu, wadda kin san tun suna rarrafe ba a raba su, yanzu in ta zo a bakin ƙofa Na'ima ke tare ta, minti biyu ta dawo ciki. Matan da ke kawo niƙa suna ta yaba mini, wai 'yata ba ta yawo. Ina jin daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Da marigayiya yayarki Nana, uwar Na'ima, na raye, na san da ta fi ni murna.

Abu ɗaya ne, ciwon kai. Tun azumi take ɗaure kai da ɗankwali tamau, tana cewa ba komai. Tunda ke ma'aikaciyar asibiti ce, ki rubuto sunan maganin da zan saya mata. Amma ban da mai sa barci, ta ce irin wannan ba za ta sha ba.

Ki gai da kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ni ne yayanki,
Mudi mai inji


Wushishi
9 ga Afrilu

Yaya Mudi,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya same mu lafiya, kowa na gaishe ka.

Ba zan rubuto sunan wani magani ba. Ciwon kan da kake faɗa, barcin da take gudu shi ne maganinsa. Kai ka kira labarinka mai daɗi, ni kuwa tunda na karanta shi ban ji daɗi ba.

Ka amsa mini waɗannan. Awa nawa take barci? Ba abin da ta gaya maka nake so ba, abin da ka gani da idonka. Kwanon abincinta yana komawa wanki babu komai ko da saura? Kayanta sun yi mata yawa? Yaushe rabon da ka ga ta yi dariya da wani ba kai ba?

Yaya, lokacin da muke makarantar ungozoma akwai wata a ajinmu da ta fi kowa karatu. Ranar jarrabawa ta zauna, aka raba takarda, ta kasa tuna sunan garinsu. Kan mutum in bai huta ba, abin da aka zuba yau gobe babu shi. Yarinya mai shekara goma sha bakwai tana bukatar barcin awa takwas, da abinci, da ƙawa. Waɗannan ba ɓata lokaci ba ne, suna cikin shirin jarrabawar.

Kai ne uba, ka kafa doka. Juma'a da Lahadi daga la'asar littafi a rufe. Abincin dare ku ci tare a tabarma ɗaya, ba takarda a hannu. Ta koma ƙwallonta ko da sau ɗaya a mako. In karatun ne dole, su riƙa yi da Goodness suna yi wa juna tambayoyi, hakan ya fi kamawa a kan zaman mutum shi kaɗai. Kuma don Allah ka daina kai mata yabon masu niƙa. Su ba su ne za su kwana da ita a asibiti ba.

Da zan iya da na zo da kaina. Abokiyar aikina tana hutun haihuwa, ni kaɗai ce a ɗakin haihuwa har ƙarshen wata. Ka rubuto da wuri.

Ka gaishe mini da ita, ka ce Anti ta ce ta kwanta.

Ƙanwarka,
Sharifa


Kpakungu, Minna
17 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Sharifa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan aiki da sauƙi. Na yi jinkirin amsa saboda ina so in gwada abin da kika ce tukuna.

Ranar Juma'a na kashe inji da wuri, na biya kasuwar Kure na sayo mangwaro da rake, na roƙi Mama Magdalene ta turo Goodness. Na shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, na ce yau ba karatu. Na'ima ta fito saboda kunyata, amma da littafi a ƙarƙashin hijabi. Na koma gefe ina kallonsu. Goodness na ta hira, ita idonta na kan cinyarta. Can Goodness ta faɗi wata magana, Na'ima ta ɗago ta mayar mata. Bakinsu ya yi mini sauri, ban kama ko kalma ɗaya ba. Goodness ta tashi tana share hawaye ta fita, ba ta sake shigowa ba har yau.

Na yi wa Na'ima faɗa, na gaya mata dokar da kika ce. Ba ta yi musu ba. Ta ɗauko littafinmu ta rubuta: "Baba, kai ka gaya mini wasiyyar Mama. Ko ka manta?"

Yaya zan manta? Kina wurin ranar. A gadon asibiti, shekara uku ke nan, yayarki ta dube ni ta ce Na'ima ta zama likita. Maganarta ta ƙarshe ke nan. Ni na isar wa yarinyar ranar sadakar uku, kuma tun ranar ba ta sake zuwa ta biyu a aji ba. To yanzu da wane baki zan ce ta rufe littafi?

Ga amsar tambayoyinki. Barcinta ban sani ba. Na yi wata dabara, na ɗora tsinken tsintsiya a kan filonta ranar Lahadi. Ranar Laraba yana nan yadda na bar shi. Abinci tana juya shi da cokali ta rufe. Siket ɗin makaranta da fil take riƙe shi yanzu. Tana da filas da ba ta rabuwa da shi, na buɗe na ga wani baƙin ruwa mai ɗaci. Shekaranjiya tana ɗora ruwa ta ƙona bayan hannunta, har ya tashi, sai da na nuna mata sannan ta lura.

Abin da ya fi tsaya mini, ranar Lahadi da safe ina inji sai na gan ta ta wuce cikin kayan makaranta da jaka. Na bi ta na tare ta wajen shataletale. Ta dube ni ɗan lokaci kamar ba ta san ni ba. Na ce yau Lahadi. Ta ce ai ta sani, ta juya.

Leɓenta kullum yana motsi, amma in na zuba ido ba na gane abin da take faɗa. Kuma matan nan da ke yabonta sun daina. Yanzu in suna magana a layin niƙa suka ga ina kallon bakinsu, sai su ja mayafi su rufe.

Sharifa, na fara jin tsoro, kuma ban san abin da nake tsoro ba.

Allah ya sa mu ji alheri.

Yayanki,
Mudi


Kpakungu
22 ga Afrilu

Anti Sharifa,

Ina wuni, Anti. Yaya aiki, yaya yara? Ni ce Goodness Gabriel, ƙawar Na'ima. Ki yi haƙuri da rubutuna, Hausata ta baki ce, ban saba sa ta a takarda ba. Mama ta karɓe wayata sai an gama jarrabawa, shi ya sa na je tasha na nemi direban da Baban Na'ima ke ba wa saƙo.

Anti, akwai abubuwan da Baba bai sani ba, saboda ba ya ji. Bangon ɗakina shi ne bangon ɗakin Na'ima. Tana karatu da ƙarfi, wannan ba sabo ba ne. Amma yanzu layi ɗaya take maimaitawa, sau hamsin, sau ɗari. In ta yi kuskure sai ta zagi kanta. Wani lokaci tana ba Mamanta haƙuri, kamar tana tsaye a gabanta. Duk gidajen da ke kusa suna ji. Wasu sun fara cewa aljanu ne. Mamana ta so ta gaya wa Baba sau biyu, amma sai an rubuta masa, kuma ta ce hannunta ya kasa.

Abin cikin filas kofi ne mai yawa ba madara. Ban da shi akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da take saya a wani kemis, wai suna hana barci. Na gani a jakarta.

Mun yi jarrabawar gwaji kafin Sallah. Na zauna a bayanta ranar Kemistiri. Tana ta rubutu ba ta ɗago ba, na ce a raina ta gama da mu. Da aka raba sakamako ta samu takwas cikin ɗari. Malaminmu ya nuna mini takardar don ya san mu ƙawaye ne. Tambaya ta ɗaya ta kwafe, ta sake kwafewa, har shafi huɗu. Ya ba ta takarda ta kawo wa Baba, ba ta kawo ba.

Ranar da Baba ya sayo mana rake, abin da na ce mata shi ne, tambayar da ta yi mini a aji ta yi mini ita sau huɗu a rana ɗaya, ta zo mu je gidanmu ta yi barci ko awa biyu. Ta ce ni ina da uwa a raye, in na faɗi uwata za ta yafe mini. Ta ce, "Tawa fa, ina zan same ta in ba ta haƙuri?"

Ban yi fushi ba, kuka kawai na yi. Anti, Na'ima ce ta koya mini lissafi tun muna aji ɗaya. Yanzu ta ce in ta kalli shafi, haruffa suna tafiya kamar tururuwa. Ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na karya. In za ta daina yi mini magana, ta daina, amma ki zo.

Na gode, Anti. Allah ya kiyaye hanya.

Goodness


Wushishi
24 ga Afrilu

Yaya Mudi,

Assalamu alaikum. Ka karanta wannan kai kaɗai.

Na samu wadda za ta riƙe mini aiki daga ranar Lahadi. Motar farko zan biyo. Kafin nan ka duba jakar Na'ima, akwai ƙwayoyi a ciki, ka ɗauke su ba tare da faɗa ba. Ka zubar da abin cikin filas. Ka rage zaman inji. Wanda ya gaya mini ba abin tambaya ba ne yanzu. Abin da take yi ya wuce ƙoƙari, rashin lafiya ne, kuma likita za mu kai ta.

Akwai kuma maganar da na riƙe shekara uku. Na so in bari sai mun haɗu, amma na san kaina, in na ga fuskarka zan sake yin shiru.

Yaya, babu wasiyya.

Ina tsaye a kan Yaya Nana ranar, kunnena kusa da bakinta. Numfashi ya fara yi mata wuya, kai ka ce bari a je a ɗauko Na'ima. Abin da ta ce shi ne, "Kar a taso Na'ima daga makaranta. Ku dai kira likita." Kai kana ƙafar gado, ka ga sunan 'yarka a leɓenta, ka ga kalmar likita, ka haɗa su. Na fita kiran likitan, kafin mu dawo ta cika.

Ranar sadakar uku na ji kana gaya wa yarinyar. Na buɗe baki na rufe. Na ga kwana uku ke nan ba ka ci komai ba, kuma maganar nan ce kaɗai ta miƙar da kai zaune. Na ce a raina, mene ne laifin yarinya ta zama likita? Laifin nawa ne, ba naka ba. Kai abin da idonka ya ba ka ka faɗa. Ni na ji da kunnena na yi shiru.

Yayata ba ta taɓa zaɓa wa Na'ima aiki ba. Abin da na sha ji a bakinta shi ne yarinyar ta cika ɗaukar abu da zafi, tana so ta ga tana wasa kamar sauran yara.

Dole Na'ima ta san wannan, amma ba yanzu ba, kuma ba ita kaɗai ba. Shekara uku a kan maganar nan take tsaye. In aka zare ta lokaci ɗaya ban san inda za ta faɗa ba. Ka bari in zo, likita ya gan ta, ta samu barci, sannan mu zauna mu uku. Ka ƙona takardar nan da zarar ka gama.

Ka yafe mini in za ka iya.

Sharifa


Kpakungu, Minna
Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Sharifa,

Salamu alaikum. Ina sauri don Ndako zai tashi ƙarfe goma.

Takardarki ta same ni ranar Alhamis da yamma. Na karanta ta sau biyar. Ban san ko haushinki nake ji ba ko na kaina. Shekara uku ina alfahari da maganar da ba a yi ba, ina maimaita wa marainiya ita duk ƙarshen zango. Za mu yi wannan maganar in kin zo.

Ban ƙona ta ba. Na kasa, saboda maganar yayarki ta ƙarshe ce a ciki, ta gaskiyar. Na sa ta a aljihun rigar aiki. Na manta ranar Juma'a Na'ima ke yi mini wanki. Da na dawo daga masallaci na tarar da rigar a kan igiya, takardar kuma a kan tebur, a buɗe, an ɗora mata kofi don kar iska ta ɗauka.

Na shiga ɗakinta na same ta zaune a bakin katifa. Na ce ta yafe mini. Ta dube ni sosai, ta ce, a hankali yadda zan gane, "Ba komai, Baba."

To ga abin mamaki, kuma shi ya sa na rubuto, don hankalinki ya kwanta. Tsoron da kika ji bai tabbata ba. Allah ya kawo sauƙi ta inda ba mu zata ba. Kafin magariba ta cire takardun bangon nan gaba ɗaya, ta ɗaure su da igiya. Ita da kanta ta zubar da abin filas, ta miƙo mini ƙwayoyin ban tambaya ba. Ta dafa tuwo da miyar kuka, muka ci tare, ta cinye. Ta kwanta bayan isha, na leƙa da asuba tana barci.

Yau ta tashi ta share gidan nan tas. Ta goge mini kayana duka, har waɗanda ba na sawa, ta jera. Ta nuna mini inda take ajiye katin asibitina da makullin akwatin uwarta, wai ko zan nema. Kalkuletarta da littattafan tambayoyin baya ta sa a leda ta rubuta sunan Goodness. 'Yan kunnen da kika ba ta da Sallah ta ce in ajiye wa 'yarki ƙarama. Na ce ai naki ne, ta yi murmushi. Rabon da in ga wannan murmushin tun kafin azumi.

Yanzun nan ta ce za ta shiga wurin Goodness su shirya. Na ce ta je, kar ma ta yi saurin dawowa. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar mai tafiya wani gari, har na yi mata dariya.

Kin ga ashe hutun da kike ta faɗa ya samu. In aiki ya riƙe ki gobe, kar ki takura kanki.

Sai kin zo.

Yayanki,
Mudi


Kpakungu
1 ga Mayu

Anti Sharifa,

Ina kwana, Anti. Kun isa lafiya? Yaya jikin Na'ima? Kin ce in rubuto miki abin da ban faɗa a gaban Baba ba. Ga shi.

Ranar Asabar da kika kira wayar Mama wajen sha biyu da rabi, bayan kin karanta takardar Baba, ina wanke-wanke. Na ji Mama tana cewa a'a, Na'ima ba ta shigo nan ba. Ledar littattafan kawai muka gani a bakin ƙofa. Mama ta ruga inji wurin Baba, yayana Joshua ya ɗauki babur ya nufi makaranta. Ni ban gaya wa kowa ba na tari Keke Napep.

Akwai wani wuri bayan tsohuwar tashar jirgi, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Muna zuwa can karatu lokacin muna aji huɗu saboda ba hayaniya. Ba ta ƙarƙashin bishiyar. Tana can gaba, zaune a kan ƙarfen layin dogo, cikin rana. Ta cire takalmanta ta jera su a gefe.

Na kira ta ba ta juyo ba. Ban san abin da ake faɗa a irin wannan lokaci ba, Anti. Na je na zauna kusa da ita. Ƙarfen yana ƙona ni ta cikin siket. Na kama bakin hijabinta na naɗe a hannuna. Ta ce in tafi gida. Na ce in ta tashi zan tashi.

Mun daɗe. Can ta ce shekara uku tana yi wa Mamanta aikin da ba ta sa ta ba. Ta ce ranar da Maman ta rasu tana aji tana gwajin Turanci, ashe da an zo an ɗauke ta da ta same ta da rai. Ta ce, "In ba likita ba, Goodness, to ni mece ce?"

Na ce mata ni dai ƙafata ta mutu kuma fitsari nake ji, amma ba zan sake ta ba, in ta ga dama in yi shi a nan. Ta dube ni. Sai ta fara wata irin dariya, dariyar ta koma kuka. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Wani tsoho mai gadi ya zo ya tsaya a kanmu, bai yi faɗa ba. Ya ce rana ta yi yawa, mu koma inuwa, ya kawo mana ruwa a buta. Da muka tashi ni na sa mata takalmi.

Na tambayi tsohon a ɓoye ko jirgi na wucewa. Ya ce na kaya kan zo, ba shi da rana, ya kwana biyu bai zo ba. Ban tambayi Na'ima ko ta san haka ba. Har yanzu ina tunanin wannan.

Sauran kin sani, tunda kin iso kin same mu a gida.

Baba bai kunna inji ba tun ranar da kuka tafi. Jiya ya zo wurin Mama da takarda da biro, ya ce ta rubuta masa duk abin da muke ji ta bango. Mama ta rubuta rabi ta ce shi ke nan. Ya zauna a dakalinmu yana karantawa har aka kira la'asar.

Malaminmu ya ce in ba ta rubuta yanzu ba, akwai ta ƙarshen shekara, ba abin da ya lalace. Ki gaya mata. Ki ce kalkuletarta tana nan, aro na ɗauka. Ni ma Mama ta sa mini doka, ƙarfe tara littafi a rufe.

Na gode da kika kira, Anti.

Taki,
Goodness


Wushishi
7 ga Mayu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya gida? Anti ta ce ba ka cin abinci. Don Allah ka ci, kuma ka kunna inji, mutane na jira.

Ina shan maganin da likita ya ba ni. Ina barci sosai, wani lokaci har rana ta fito. Da yamma ina raka yaran Anti bakin ruwa mu kalli masu su. Haruffa sun daina tafiya, amma ban karanta komai ba sai takardar Goodness.

Ban yi fushi da kai ba. Na yi da Anti kwana uku, ya wuce.

Maganar jarrabawa ban yanke ba. Anti ta ce ni zan zaɓa, ko wannan watan ko ƙarshen shekara. Ban saba zaɓa wa kaina ba, shi ya sa nake jinkiri.

Ka zo ranar Asabar, kai kaɗai. Akwai abin da ban gaya wa Goodness ba, ban gaya wa likita ba, kuma ba na so in sa shi a takarda.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Na'ima